Baba ya yarda a yanka, amma ya ce kada a ƙona

Anti, barka da aiki. Ni haifaffiyar Makka ce, gidanmu yana Misfala. Mahaifina tela ne, shekarunsa 58. Bara aka yi masa amaliyya, wato tiyata, aka yanke wani sashe na babban hanjinsa saboda ciwon daji. Bayan wata takwas hoto ya nuna ciwon ya tsallaka hanta: ƙullutu biyar, uku manya a dama, biyu ƙanana a hagu, can ciki. Ya sha kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zagaye huɗu, duk sun ragu. Yanzu likitoci sun ce za su yanke ɓangaren dama, biyun na hagu kuma su yi musu "kayy", wato ƙuna, da allura a zama ɗaya. Baba da jin kalmar ya ce shi fa a'a. Ya ce Annabi ya hana kayy, kuma Larabawa suna cewa kayy shi ne ƙarshen magani, ke nan an fid da rai da shi. Yayana da ke Kano ya ce wannan rabin aiki ne, a tara kuɗi a kai shi Masar ko Indiya a yanke duka. Mako uku aka ba mu. Ni ce mai kai shi asibiti, kuma har yau ban iya gaya masa cewa biyar ne ba. Yaya zan yi?

'Yarki daga Misfala

'Yata, sannu. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne: labarin da aka ba ku ya fi kyau fiye da yadda kuka ji shi a gida. A shekarun da na yi ina jinyar masu irin wannan ciwo, mafi yawan waɗanda dajin hanji ya kai musu hanta ba a yi musu maganar tiyata tun farko, kimawi kawai ake ba su don a riƙe ciwon. Idan kika ji likitoci sun zauna sun ce za su shiga su kawar da duka biyar ɗin, to niyyarsu kada su bar komai da ido ko na'ura ke iya gani. Wanda aka fid da rai da shi ba a ɗora masa wahalar babban aiki irin wannan. Ki fara da riƙe wannan.

Bari in gaya miki yadda abin yake a cikin ciki, don in kin gane za ki iya faɗa wa Baba da bakin da zai ji. Jinin da ke fitowa daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya bi wata babbar jijiya ya shiga hanta a tace shi. Shi ya sa idan ƙwayoyin dajin hanji suka ɓalle suka shiga jini, hanta ce zangonsu na farko. Abin da ke hantar Baba ba sabon ciwo ba ne, ba kuma dajin hanta ba ne irin wanda ciwon shawara ke haifarwa. Dajin hanji ne ya yi ƙaura, kuma wannan bambanci yana da amfani, domin shi irin wannan yana cikin 'yan kaɗan da ake iya bi har inda suka yaɗu a cire su, mutum ya yi shekaru, wani ma ya rabu da shi baki ɗaya.

Ita hanta Allah Ya yi mata wata baiwa: idan aka yanke wani ɓangare, ragowar takan ƙara girma cikin 'yan makonni. Amma da sharaɗi. Dole abin da aka bari ya isa ya riƙe mutum a kwanakin farko kafin ya girma. Mai lafiyayyar hanta yana iya tsira da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Wanda ya sha kimawi, likitoci sukan so a bar masa kashi 30 ko fiye, saboda maganin yana gajiyar da hanta. Mai tsohon ciwon hanta kuwa sai kusan 40. To ɓangaren dama shi ne babba, ya kusa kashi biyu cikin uku na dukan hantar. Idan aka ɗauke shi, abin da ya rage wa Baba shi ne hagu, kuma a cikin hagun nan ne ƙullutai biyu suka ɓuya a tsakiya. Likitan fiɗa ba shi da hanyar kai wa gare su da wuƙa sai ya ratsa lafiyayyen nama, ya yanke jijiyoyi, ya zubar da abin da ake lallaɓawa.

Baba tela ne, ki yi masa magana da almakashinsa. A ce an kawo masa yadi ɗan kaɗan, daidai jallabiya ɗaya ba ƙari, gefe guda ya lalace sai an yanke, sannan a tsakiyar mai kyaun akwai ɗigo biyu. Zai datse rabin abin da ya rage don ɗigo biyu? In ya yi haka babu riga. Zai yanke gefen da ya lalace ne, ɗigon kuma ya bi su a inda suke. Abin da likitoci ke nufi ke nan.

Yadda ake yi kuwa, Baba yana cikin barcin tiyata, ba ya jin komai. Bayan an buɗe, sai a ɗora na'urar duban ciki a kan hantar kanta, wadda takan nuna abin da hoton waje bai gani ba. Da ita ake jagorantar wata siririyar allura har tsakiyar ƙullutun. Bakin allurar yana fitar da zafi, ko ta hanyar igiyar lantarki mai kaɗawa da sauri, ko ta irin zafin maikirowef, wanda shi ya fi yawa yanzu. Cikin 'yan mintuna naman wurin ya dahu ya mutu, tare da ɗan zobe na lafiyayyen nama a kewaye, aƙalla milimita 5, in an samu 10 ya fi. Ba a ciro shi. Yana nan, jiki yana tsotse shi a hankali har ya zama tabo.

Yayanki ba shi da laifi da ya yi zargin rabin aiki. Shekaru da yawa likitoci ma haka suke gani: wuƙa ce sarki, ƙuna kuwa ta wanda ba zai iya jure wuƙa ba ce. Abin da ya sauya ra'ayi bincike ne. An yi wani a Turai a kan mutum 119 waɗanda ba a iya yanke nasu duka ba. Rabi aka ba su kimawi kaɗai, rabi aka haɗa musu da ƙuna, wasunsu har da yanka. Da aka bi su aka fitar da sakamako a 2017, bayan shekara 8 kusan 36 cikin 100 na waɗanda aka ƙona wa suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan 9. Mutanen ba su da yawa, amma tazarar ta sa kowa ya waiwaya. Sannan likitocin ƙasar Holan suka yi wani mai suna COLLISION, da mutum kusan 300 masu ƙananan ƙullutai da ba su wuce santimita 3 ba, aka raba su, wasu yanka wasu ƙuna. Sakamakon ya fito a 2025: tsawon rai bai bambanta ba, kuma waɗanda aka ƙona wa sun fi samun sauƙin matsaloli bayan aiki, sun fi saurin barin asibiti. Ki lura da sharaɗin, ƙanana ne. Santimita 3 kamar tsawon ɗan dabino ne. Ƙullutun da ya wuce haka sosai wuƙa ta fi masa, shi ya sa ba su ce za su ƙona manyan na dama ba.

Ba zan ɓoye miki inda ƙuna ke gazawa ba, don nan ne tambayoyinki za su yi aiki. Idan ƙullutu ya manne da babbar jijiyar jini, jinin da ke gudu yana kwashe zafin, kamar mai son tafasa ruwa a cikin rafi, sai gefen da ke jikin jijiyar ya ƙi dahuwa, ciwon ya sake tsirowa daga nan. Idan kuma yana kusa da manyan bututun da ke kai ruwan matsarmama, zafin yana iya lalata bututun, wannan kuwa matsala ce mai wuyar gyara. Saboda haka ranar mau'idi, wato ranar ganin likita, ki tambaye shi a fili: biyun nan santimita nawa ne yanzu, kuma nawa suke kafin kimawi? Akwai wanda ya jingina da babbar jijiya ko bututun matsarmama? Kashi nawa na hanta kuka auna zai rage? Idan suka ce ragowar ta yi ƙanƙanta, akwai dabara: a toshe jijiyar da ke kai jini dama tukuna, jinin ya karkata hagu, hagun ya yi girma cikin wata guda ko fiye, sannan a yi aikin, ko kuma a raba aikin gida biyu. Ki kuma tambaya ko an yi masa hoton MRI na hanta kwanan nan, domin shi ya fi gano ƙananan da kimawi ya dusashe, da hoton ƙirji don a tabbata huhu lafiya. Sai ki tambaya ko shawarar nan ta likita ɗaya ce ko ta zaman kwamiti, inda mai fiɗa, da mai kimawi, da mai hoto suke duba fayil tare. Likitan ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ki rubuta su a takarda, don a gaban farar riga kan mutum yakan ɗauke.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato ta Baba da kalmar kayy.

Kada ki yi masa gardama a kan hadisin, gaskiya ya faɗa. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci waraka a cikin zuma da ƙaho da ƙuna da wuta, ya kuma ce yana hana al'ummarsa ƙunar. Amma a Muslim ya zo cewa shi da kansa ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu ƙuna a jijiyar da aka harbe shi, kuma ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa jijiya sannan ya ƙona wurin. Yanka da ƙuna a zama ɗaya ke nan. Malamai sun daɗe da haɗa waɗannan ruwayoyi, suka ce abin ƙi shi ne a yi ƙuna ba tare da buƙata ba, ko a yi wa mai lafiya don tsoron ciwon da bai zo ba, ko a ɗauka ita ce mai warkarwa ba Allah ba. Idan akwai larura kuma masana sun ce ita ce hanya, ta halatta. Ni ba malama ba ce, kuma Baba ba zai so 'yarsa ta yi masa fatawa ba. Kuna Makka, malamai ba su yi muku nisa ba. Ki nemi wanda Baba ke girmamawa, limamin masallacinku ko wani abokin karatunsa, ki fara yi wa malamin bayanin yadda aikin yake, sannan su zauna su biyu. Ina jin abin da Baba ke gani a ransa shi ne sakiya da lalas irin na wanzamai, ƙarfe ja a kan fata, mutum yana ihu. A gaya masa babu wuta, babu ƙarfe ja, babu tabo a waje ban da na tiyatar. A gaya masa ma wani abu: a amaliyyar da aka yi masa bara, da na'urar zafi aka riƙa tsayar da jini, kamar yadda ake yi a kusan kowace tiyata a yau.

Shi kuwa karin maganar Larabawa, cewa ƙarshen magani kayy, karin magana ne na zamanin da ba a da abin da ya wuce shi. Likitocin sun ari tsohuwar kalma ne suka sa wa sabon abu, ba saƙo suke aika masa a ɓoye ba.

Amma 'yata, akwai naki. Kin ce ba ki gaya masa biyar ne ba. Na san tausayi ne, mu duka haka aka tashe mu, ba a faɗa wa babba mugun labari gaba da gaba. Sai dai ki duba abin da ɓoyewar ta jawo. Mutumin da bai san akwai ƙullutai a hagu ba, yaya zai gane dalilin ƙunar? A wurinsa an ce ciwo ɗaya ne, ga wuƙa, me ya kawo wuta in ba an gaza ba? Shi ya cike gurbin da kuka bari da abin da ya fi tsoro. Jikinsa ne, shi zai sa hannu a takarda, shi zai kwanta. Dattijon da ya riƙe gida a ƙasar nan shekara da shekaru zai iya ɗaukar lamba biyar, musamman in an haɗa masa da cewa duka sun ragu da kimawi, wanda alama ce mai kyau ƙwarai. In bakinki ba zai iya ba, ki roƙi likita ya juyo masa da hoton ya nuna masa da yatsa, ke kina gefe. Zuwa da kai ya fi aike.

Game da yayanki, ki sa shi a ciki, kada ki ture shi. Wanda ke nesa yana jin kunya ne da rashin amfani, sai ya riƙe abu ɗaya da zai iya yi, wato tara kuɗi. Ki kira shi ta bidiyo ranar ganin likita ya yi tambayarsa da kansa. Neman ra'ayi na biyu ba laifi ba ne, ni ma ina so. Amma ba sai an sa Baba a jirgi ba. Ki karɓi faifan hotunansa da rahoton naman da aka cire bara, a nuna wa wani likitan fiɗar hanta. Ƙasar nan tana da manyan cibiyoyi: Madinatul Malik Abdullah a nan Makka, asibitin Sarki Faisal na ƙwararru a Jidda da Riyad, inda har dashen hanta ake yi. Dajin hanji shi ne ya fi kowane daji yawa a tsakanin mazan Saudiyya, don haka ba baƙon ciwo ba ne a hannunsu. Kuma likitan ƙwarai a Alƙahira ko Delhi, in ya ga ƙananan ƙullutai biyu a tsakiyar ragowar hanta, da wuya ya faɗi abin da ya saɓa. Wanda zai yi muku alkawari ta waya cewa zai yanke duka ba tare da ya auna abin da zai rage ba, shi ne abin gudu.

Mako ukun ma ba don takura aka sa ba. Bayan kimawi akan jira kamar wata guda zuwa mako shida jiki ya farfaɗo, in yana shan maganin da ake kira bebasizumab kuwa sai ya cika mako shida ko fiye, don yana hana rauni haɗewa. In aka wuce wannan lokaci da yawa ana neman biza da masauki, ciwon da aka danne yana iya tasowa. In aka ce a ci gaba da kimawi kafin a gama shawara, shi kuma yana ƙara gajiyar da hanta, wani lokaci ƙananan ƙullutai su ɓace a hoto alhali ƙwayoyinsu suna nan, a rasa inda za a sa allura.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gobe ki leƙa ofishin ta'amin, wato inshora, da na walwalar marasa lafiya a asibitin, ki tabbata amincewar da aka bayar ta ƙunshi aikin biyu, yankan da ƙunar, a rubuce, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ba ta kusa ƙarewa ba. Ki tabbata an gwada shi ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a cikinmu mutanen Afirka ta Yamma kuma kimawi yana iya tayar da shi. Duk wani jiƙo, ko garin magani da 'yan dubiya ke kawowa, ko abin da aka aiko daga gida, a ajiye shi yanzu, ko a nuna wa likita. Hantar da za a bar masa ƙarama ce, ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san shi ba. Zamzam da addu'a kuwa a yawaita. Ya riƙa cin ƙwai da kifi da nama da wake, ya riƙa tattaki kullum ko da zuwa masallaci ne da dawowa. In yana shan taba ya bari yau. In yana shan maganin tsinka jini ko na sukari, a gaya wa mai sa barci.

Abu biyu za su ba ku tsoro bayan aiki in ba a faɗa muku ba. Na farko, 'yan kwanaki yana iya yin zazzaɓi mai sauƙi da ciwon jiki kamar mura, saboda jiki yana kwashe naman da ya mutu. Amma zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko ido ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, wannan a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Na biyu, hoton farko da za a yi bayan kamar wata guda zai nuna baƙin tabo a hagu wanda ya fi ƙullutun da girma. Na ga iyalai sun fashe da kuka a kan wannan hoto suna cewa ciwo ya ƙaru. Haka ake so ya zama, zoben nan ne da na gaya miki.

Ba zan yi miki alkawarin ba zai dawo ba. A fiye da rabin waɗanda aka yi wa irin wannan aiki ciwon yakan sake ɓullowa, galibi cikin shekara biyu na farko, shi ya sa za a riƙa yi masa hoto da gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, duk bayan wata uku zuwa shida. Kusan rabin waɗanda aka cire wa duka suna kai shekara biyar, wasu su wuce da nisa. A nan ma tattalin hanta yana da rana: wanda aka bar masa isasshiya, in wani ɗan ƙullutu ya sake fitowa ana iya sake ƙona shi, wani lokaci ta fata kawai ba tare da buɗe ciki ba, ya kwana ɗaya ko biyu ya koma shagonsa. Wanda aka yanke masa har ƙarshen abin da zai iya ɗauka, zaɓinsa ya ragu.

In an yi duk wannan, malam ya yi magana, likita ya nuna hoto, Baba ya ce har yanzu bai yarda ba, to kada ki yaudare shi a sa hannu a madadinsa. Ku koma wurin likitoci ku ce ga matsayinsa, mene ne abu na biyu mafi kyau. Amma ban zaci za a kai nan ba.

Ke da yayanki da sauran 'yan ɗakinku kuma, tun da an gano na Baba kafin ya kai 60, kowannenku ya kamata a duba masa hanji da na'ura daga shekara 40, ba sai ya ji ciwo ba. Ki gaya wa na Kano wannan ma idan kun yi waya. Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina son in ji girman biyun nan na hagu.